Aibin Kaya da Haƙƙin Mai Saye a Kasuwannin Hartum da Umdurman

A shekarar 1886, shekara guda bayan Hartum ta faɗa hannun dakarun Mahadi, Halifa Abdullahi ya umarci sauran mazaunanta su tashi su ƙetara kogi zuwa Umdurman. Gidajensu ma sun bi su. An ɓalle ƙyamare da tagogi, an zare azara, an kwashe jan bulo, aka yi ta jigilarsu a jiragen ruwa zuwa gaɓar yamma. Da irin wannan kaya aka ɗaga manyan gine-ginen sabon birnin, har da gidan Halifa da aka fara a 1888. Ke nan Umdurman da kayan kwance ta buɗe ido, kuma tun daga lokacin kasuwanninta da na Hartum ba su rabu da cinikin abin da wani ya riga ya mora ba.

Irin wannan ciniki yana tafe da tambaya ɗaya wadda ba ta tsufa. Mai sayarwa ya zauna da kayan, ya san ciwonsu, mai saye kuwa yau ya fara ganinsu. To, a kan wa nauyi yake: mai kaya ya faɗa, ko mai kuɗi ya duba? In kuma aibi ya fito bayan an rabu, wa zai ɗauki asarar? A waɗannan birane biyu amsar ta sauya tare da kowane mulki, kuma Hausawan da suka ratsa su a hanyar Makka, ko suka zauna a cikinsu, sun ɗanɗani kusan dukkan amsoshin.

Abin da aka tarar a hannun malamai

Tun kafin a kafa Hartum, mutanen gaɓar Nilu Malikawa ne. Tarihin malaman ƙasar ya nuna cewa Ibrahim al-Bulad, ɗaya daga cikin 'ya'yan Jabir, shi ne ya yaɗa karatun Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil a ƙarni na 16, zamanin daular Funj ta Sinnar. Littattafan nan biyu su ne dai ake bitarsu a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato. Saboda haka Bakano da mutumin Sinnar, ko da ba sa jin harshen juna, babin ciniki guda suka karanta. Kalmomin kansu shaida ne. Aibi, dillali, la'ada da algus duk daga Larabci suka shigo Hausa, kuma har yau a Hartum kasuwar tsofaffin motoci dalala ake ce mata, daga tushen da ya ba Hausa dillali da dillanci.

Tushen babin sananne ne. Annabi (SAW) ya wuce wani tulin hatsi a kasuwa, ya sa hannu a ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Daga nan malamai suka ɗauki cewa shirun mai sayarwa laifi ne, ko da bai furta ƙarya ba. Risala ta faɗaɗa abin, ta hana mutum ya ɓoye duk wani labari game da hajarsa wanda in mai saye ya ji zai ƙi ta, ko ya rage kuɗi. Ma'aunin ba ya tsaya ga tsagewa ko karyewa. Duk abin da zai taɓa zuciyar mai saye ko farashi ya shiga ciki.

Muhtasar kuwa ya bi abin daki-daki, kuma a nan ne mai karatu zai ga cewa mutanen da suka san kasuwa ne suka tsara shi. Bai wadatar mai sayarwa ya ce kayan na da matsala ya yi shiru ba. Sai ya ambaci aibin da sunansa, ya siffanta shi, ko ya nuna shi da yatsa. Dunƙule magana ba ya kuɓutar da shi. A cinikin da ake faɗin kuɗin saye a ɗora riba a kai, wajibi ne a faɗa in an sa rigar ko an hau dabbar a tafiya. Wanda ya ga aibi bayan ciniki yana da zaɓi biyu, ya riƙe a kan kuɗin da ya biya ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani sabon aibi ya same su a hannunsa, sai a ba shi zaɓi tsakanin ya riƙe ya karɓi ragin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. Amfanin da ya ci kafin ya mayar, kamar nono ko kuɗin haya, nasa ne, domin da dabbar ta mutu a lokacin shi zai yi asara.

An kuma raba mai sayarwa gida biyu: wanda ya san aibin ya ɓoye, da wanda shi ma bai sani ba. Na farko shi ke ɗaukar asara in aibin da ya ɓoye ya kashe dabbar, kuma a kansa kuɗin mayar da kaya wurin da aka saye su yake. Har la'adar dillali an yi mata hukunci. In mai kaya bai san aibin ba, ciniki ya warware, dillali ya mayar da la'ada. In kuwa ya sani ya ɓoye, dillalin da bai da hannu a ciki ya riƙe abinsa. Mai saye shi ma ba a sake masa linzami ba. In ya ci gaba da morar kaya bayan ya ga aibi, an ɗauka ya yarda. Aibin da babu mai iya ganinsa sai an fasa, kamar gara a cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi.

Akwai wani gefe na wannan babi da bai kamata a rufe ba. Da yawa daga cikin misalansa a kan cinikin bayi aka gina su. Wa'adin kwana uku da na shekara guda da ake bayarwa saboda hauka ko kuturta na bawa ne. Shahararriyar shari'ar da Muwaɗɗa ta kawo ma haka take: Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da sharaɗin babu ruwansa da aibi, mai saye ya kai ƙara, Halifa Usman ya ce ya rantse bai san cutar ba, ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. A kan wannan Malikawa suka tsaya cewa sharaɗin barranta daga aibi ba ya aiki sai a cinikin bayi, kuma ko a nan sai ga aibin da mai sayarwa bai sani ba. Ƙa'idar ta yi kyau wajen kare mai saye, amma wanda ake jujjuyawa a tsakiyar kasuwa ana duba haƙoransa mutum ne.

Turkawa da Mahadiyya

Rundunar Isma'il ɗan Muhammad Ali na Masar ta ci Sinnar a 1821, Hartum kuma ta tashi daga sansanin soja ta zama hedikwata. Sababbin masu mulki sun zo da mazhabar Hanafiyya a kotunan gwamnati. A kan batun aibi bambancin babba ne, domin Hanafawa sun yarda mutum ya sayar da kowace irin haja da sharaɗin ya barranta daga dukkan aibi, wanda ya sani da wanda bai sani ba, muddin mai saye ya amsa. Jama'a dai sun ci gaba da bin malamansu na Malikiyya, amma daga nan kotu da zaure suka fara magana da murya biyu.

Mahadi Muhammad Ahmad ya share duka biyun. Ya soke bin mazhabobi, ya ce a yi hukunci da Alƙur'ani da Sunna da nasa umarce-umarcen. Bayan cin Hartum ranar 26 ga Janairun 1885 da rasuwarsa a watan Yuni na shekarar, babban mai sayar da kayan hannu a ƙasar ya zama gwamnati da kanta. Ganima tana shiga Baitulmali a Umdurman, daga can ake gwanjonta. Daular ta rayu da gyaran abin da ta gada: bindigogin da aka ƙwace daga rundunar Hicks a Shaikan a 1883, kwanson harsashi da ake sake cikawa, injin ɗab'i da aka ɗauko daga Hartum, da jiragen ruwan Gordon, irin su Bordein wanda ya yi karo da dutse a 1885 aka ceto shi aka mayar da shi aiki.

Abin lura shi ne irin tabbacin da Baitulmali ke bayarwa. Turawan da suka yi zaman fursuna a Umdurman, irin su Ohrwalder da Slatin, sun ba da labarin cewa wanda ya sayi baiwa a can ana ba shi takarda mai bayyana siffarta da shaidar cewa daga Baitulmali ta fito. Wannan takarda maganar mallaka take yi. A birnin da kusan kowace haja daga gidan wani aka fito da ita, tsoron mai saye na farko shi ne kada mai ita na asali ya bayyana. Yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wato 1888 zuwa 1889, wadda 'yan Sudan ke kira Sanat Sitta, ta ƙara cika kasuwa da kayan mutanen da suka sayar da abin hannunsu don su sami dawa.

Aibin ma bai tsaya ga haja ba, ya shiga kuɗin da ake biya. Riyalin da Halifa ya buga sunansa maƙbul, wato karɓaɓɓe, amma azurfarsa ta yi ta raguwa shekara bayan shekara har tagulla ta rinjaye shi. 'Yan kasuwa suka fi son riyalin Majidi na Turkawa da na Mariya Tireza, hukuma kuwa ta tilasta a karɓi nata. Da wuya a sami algus da ya fi wannan girma, ga shi kuma babu alƙalin da za a kai wa ƙara.

Zuwan dokar Ingila

Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumban 1898 da yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa tsakanin Ingila da Masar a 1899, Kitchener ya sake gina Hartum. Aka raba shari'a gida biyu. Kotunan Musulunci, bisa dokar 1902, an taƙaita su ga aure da saki da gado da waƙafi, kuma an ɗora su a kan Hanafiyya ƙarƙashin babban alƙali Bamisire, har zuwa 1947. Ciniki kuwa ya koma kotunan farar hula. Dokar 1900, da wadda ta gaje ta a 1929, ta ce inda babu rubutacciyar doka alƙali ya yi aiki da adalci da daidaito da kyakkyawan lamiri. Alƙalan lauyoyin Ingila ne, don haka adalcin da suka sani shi ne na littattafansu, ciki har da dokar sayar da kaya ta 1893.

A nan ɗalibi zai ga bambanci da abin da ya faru a Arewacin Nijeriya. Can ma dokar 1893 ta shiga ta kotunan Turawa, amma an bar wa alƙalan sarakuna shari'ar bashi da ciniki, suna yanke ta da Muhtasar. A Hartum babin ciniki ya fita daga hannun alƙalin Musulunci gaba ɗaya. Abin mamaki, daga wannan Sudan ɗin aka ɗauko malaman da suka koyar a makarantar horar da alƙalai da aka buɗe a Kano a 1934.

Asalin ra'ayin Ingila shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Wata shari'a ta 1871, tsakanin Smith da Hughes, ta nuna shi ƙarara. Mai horar da dawakin sukuwa ya sayi hatsin dawaki yana zaton tsoho ne, ashe sabo ne wanda bai da amfani gare shi. Alƙalan suka ce ko da mai sayarwa ya gane cewa mai saye yana cikin kuskure, shirunsa kaɗai bai isa ya rushe ciniki ba, matuƙar bai yi ƙarya ko alkawari ba. A ajiye wannan kusa da labarin tulin hatsin Madina, za a ga hanyoyi biyu da suka raba gari tun daga tushe. Dokar 1893 ta ɗan sassauta: in an sayi kaya bisa siffantawa daga wanda sana'arsa ke nan, dole su kasance masu sayuwa, ban da aibin da dubawar mai saye ta kamata ta gano. Wanda ya sayi jaki ko keken ɗinki daga maƙwabcinsa bai shiga wannan inuwa ba.

A wannan zamani ne ayarin Hausawa da Fulani da Barebari ya yi yawa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu dubbai suka biyo baya ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa noma da ƙodago, musamman bayan buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925. Layin dogo ya kai Al-Ubayyid a 1912, kuma wanda ya iso da jaki ko takarkari ba ya shiga jirgi da shi. Mahajjaci a kan hanya mai saye ne yau, mai sayarwa gobe, kuma kusan duk abin da ya taɓa na hannu ne.

Matsalarsa ita ce shi baƙo ne mai wucewa. In raƙumin da ya saya ya fara ɗingishi bayan zango uku, mai shi na baya, komawa kuma asarar wata guda ce. Muhtasar ya riga ya hango wannan. Ya ce matafiyin da dole ta sa ya ci gaba da hawan dabbar bayan ya ga aibinta ba a ɗauka ya yarda ba, kuma in mai sayarwa ba ya nan, sai ya kafa shaidu, in ta ƙi ya kai wa alƙali. Sai dai kotun da ke da ikon jin ƙararsa a Hartum ba da wannan littafi take aiki ba. Abin da ya rage masa shi ne shehun unguwarsu da dattawan sulhu, waɗanda 'yan Sudan ke kira ajawid. A gabansu ne tsohuwar ƙa'ida ta ci gaba da numfashi ba tare da hatimin gwamnati ba.

Dokoki uku cikin shekara goma sha uku

Samun 'yanci a 1956 bai sauya komai nan take ba. Alƙalan Sudan sun ci gaba da kafa hujja da shari'o'in Landan. Sai a 1971 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kawo kundin da aka kwaikwayo daga na Masar, wanda asalinsa ke ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi ko bai san da shi ba, tare da wa'adin shekara guda. Lauyoyi ba su gama sabawa da shi ba aka soke shi a 1973, aka dawo da salon Ingila cikin dokokin 1974 na yarjejeniya da na sayarwa. Bayan dokokin Satumban 1983 kuma aka kafa dokar mu'amalar farar hula ta 1984, wadda ta ɗebo yawancin jikinta daga kundin Jodan na 1976.

Kundin Jodan jikan Majalla ne, littafin da Turkawan Santambul suka tsara a kan Hanafiyya tsakanin 1869 da 1876. Majalla ba ta yi aiki a Masar ko Sudan a zamaninta ba, sai ga shi ta shigo Hartum ta bayan gida bayan shekara ɗari. A kundin Jodan ciniki yana ƙulluwa ne a kan cewa haja lafiya take. In tsohon aibi ya bayyana, mai saye ya mayar ko ya riƙe a kan kuɗin da aka ambata. Mai sayarwa yana kuɓuta in ya bayyana aibin, ko in an yi sharaɗin barranta, amma sharaɗin ba ya amfanar wanda ya ɓoye da gangan, kuma ba a jin ƙara bayan wata shida da karɓar kaya sai in an tabbatar da zamba. Wannan togaciya ta ɓoyewa da gangan ta jawo ra'ayin Hanafawa kusa da hukuncin Halifa Usman. Rubutun da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba a musanyawa, ba ya wanke wanda ya san abin da ya rufe.

Kasuwar kuwa ta riga ta sauya fuska. Kasuwar Libiya da ke yammacin Umdurman ta sami sunanta daga kayan da ake shigowa da su ta hamada. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya toshe hanyar sayen kayan gyara na asali kai tsaye, ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 kuma ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, darajar fam ta zube. Sabon abu ya fi ƙarfin talaka, sai injin mota da aka kwance a wata ƙasa, da wayar da aka sauya wa gilashi da batir. Jaki ana iya kewaya fili da shi a ga tafiyarsa, amma lambar tafiyar mota da aka mayar baya ba ta ɗingishi. Duk da haka tsohon babin bai rasa abin faɗa ba. Ya daɗe da cewa masana sana'a su ne ke tantance ko aibi tsoho ne ko sabo, har ya yarda a karɓi maganar wanda ba Musulmi ba in babu wani. Matsayin da mai duba dabbobi ya riƙe a kasuwar raƙuma ta Muwailih, shi bakanike da mai gyaran waya suka gada.

Bayan 15 ga Afrilun 2023

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa ya mayar da biranen kusa da inda wannan tarihi ya faro. An wawashe gidaje da shaguna da masana'antu, an kwashe motoci da firji da janareto, har wayoyin tagulla na cikin bango an zare. Kasuwannin da ake baje wannan kaya a gefen gari jama'a suka laƙaba musu suna kasuwannin Dagalo, da sunan Muhammad Hamdan Dagalo, jagoran dakarun. Kamar a 1885, abin da mai sayarwa ke ɓoyewa shi ne daga gidan wa aka ɗauko.

Hukuncin wannan a fiƙihu a fili yake. Sata ba ta cire mallaka, don haka mai abu in ya kawo shaidu zai karɓi abinsa ko a hannun wa ya same shi, wanda ya saya kuma ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Ingila ta taɓa yin akasin haka, inda wanda ya saya da kyakkyawar niyya a buɗaɗɗiyar kasuwa da rana yake mallakar kayan sata, amma ita ma ta soke wannan a 1994. Muhtasar ya ƙara wata gaɓa mai dacewa da halin yaƙi: wanda ya fanshi kaya daga hannun ɓarawo don ya mayar wa mai su, alhali babu wata hanyar ƙwato su, ra'ayin da aka fi so shi ne mai kayan ya biya shi kuɗin fansar.

Wahalar tana wajen aiwatarwa. Tun da sojoji suka sake karɓe Hartum a watan Maris na 2025 mutane ke komawa gidajensu, amma hukuncin yana bukatar abu biyu da yaƙin ya tarwatsa. Mai kaya yana bukatar shaida, rasit ɗinsa ya ƙone ko ya ɓace, maƙwabtan da za su tsaya masa kuma suna cikin mutum fiye da miliyan 10 da suka bar muhallinsu, wasu a Alƙahira, wasu a Fot Sudan, wasu a sansanonin gabashin Cadi. Wanda ya saya shi ma yana bukatar mai sayarwa da zai koma wa, mai sayarwar kuwa ya shimfiɗa buhu a ƙasa ne ya yi ciniki, ya naɗe ya bi ayarin da ya janye zuwa yamma.